Shagon jesi mai goge sunan ɗan wasa: yadda ta kaya da rigar Mount

Akwai wani shagon jesi a nan Kano ta wajen Zoo Road da ya fara yin suna a wajen 'yan ƙwallo, ba zan kama sunansa ba saboda abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi, wanda ya sani ya sani. Aikinsu uku ne, sayar da jesi, buga suna da lamba a baya, sai na ukun da ya sa nake wannan rubutun, wato goge sunan ɗan wasa daga rigar da ka riga ka mallaka. A jikin ƙofar gilashi ma sun liƙa takarda da manyan baƙi, ANA CIRE SUNA ANA CANZA LAMBA. Sayen riga a wajensu ba matsala, buga suna ma haka, amma maganar gogewa ka dakata tukuna ka ji.

Shagon ba wani babba ba ne, in mutum shida suka shiga sai an riƙa goga kafaɗa, fanka ɗaya ce a sama tana ta faman juya zafi. Amma an tsara shi da kyau gaskiya, kowane kulob da layinsa, Chelsea da Man U da Arsenal a gaba-gaba, Madrid da Barca a bango na dama, sai 'yan tsirarun Bayern da PSG da ba mai kula su. Ta Super Eagles akwai, ta Kano Pillars kuwa sai da na tambaya sannan yaron shagon ya tono guda biyu daga ƙarƙashin kanta duk sun yamutse, wai ba a tambaya. A garin Sai Masu Gida fa. To shi ke nan.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba sa yi maka ƙaryar orijina. Ka san yadda wasu suke, riga ta fito daga kwali ɗaya da ta kowa amma a rantse maka da Allah wai daga Landan aka kawo ta. Nan maigidan da kansa ya ce min, "Yallaɓai duk abin da ka gani a nan kwafi ne, amma kwafi ma suna suka tara." Iri biyu suke da ita, akwai wadda suke ce wa ta 'yan kallo, mai ɗan kauri, bajin kulob ɗinkakke ne da zare, tana da sakewa a jiki, sai kuma ta 'yan wasa, mara nauyi mai kama jiki, bajinta liƙe shi aka yi da zafi ba ɗinki ba. Ta biyun ta fi tsada kuma ta fi kyau a ido amma in kana da ɗan tumbi irin nawa ka rufa wa kanka asiri ka ɗauki ta farkon, kuma ko ita ɗin ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba sawa don sayis ɗinsu ƙanana ne. Na sayi ta Chelsea ta gida, na sa an wanke ta sau da dama tun daga lokacin, shuɗin bai zuba ba, wuya bai saki ba, zare ɗaya ne ya fito a hammata na ƙona shi da ashana ya zauna. Kuɗin kuma bai wuce na kasuwa ba, kuma suna ragi in ka iya ciniki.

Wajen buga suna ne na san yaron nan ya iya aikinsa. Suna da injin yanka baƙaƙe da ke haɗe da kwamfuta, sai injin matsi mai zafi irin mai murfi da hannu. Kafin ya buga sai ya tambaye ka, "Yaya rubutun Firimiya kake so ko na Champions League?" domin ba ɗaya ba ne, na Firimiya duk kulob iri ɗaya suke sawa, da ɗan kan zakin nan a gindin lamba, na Turai kuwa kowane kulob da salon rubutunsa. Da yawan masu buga suna a gari ba ruwansu da wannan, su dai su manna maka abin da ya samu. Shi sai da ya shimfiɗa rigar ya auna da rula daga wuya zuwa inda sunan zai zauna, ya fara gasa wajen kaɗan don danshi ya fita, ya jera baƙaƙen, ya rufe da wata takarda mai santsi sannan ya danne, da injin ya yi ƙara ya ɗaga ya bari ta huce kafin ya ɓare ledar a hankali. Ya fito tsaf, ba karkata ba kumfa. Sai ya ce a riƙa juya ta ciki waje in za a wanke, kar a sa ruwan zafi, kar dutsen guga ya taɓa rubutun. Ni sunan Reece James na sa da 24, kyaftin ɗin Chelsea ne kuma ɗan gida, duk da maigidan na dariya yana cewa "sai mun gan ka ka dawo gogewa."

To yanzu rigar Mason Mount, ɗan wasan Chelsea da ya koma Man U. Ta ƙanena ce, irin ta shekarar da Chelsea ta ɗau Champions League a Porto, mai tambarin 3 a ƙirji, MOUNT 19 a baya. Tun bazarar 2023 take ninke a ƙasan akwati, bai sa ta ba bai kuma kyautar ba, an ce ya ba almajiri ya ƙi, an ce ya sa ya ƙi. Da ya ji labarin ana cire suna shi ne ya matsa sai na raka shi.

Wanda ba ɗan Chelsea ba ba zai gane zafin abin ba, zai ce ai ɗan wasa kullum tafiya yake. Mason Mount tun yana ɗan shekara shida ya shiga makarantar yaran Chelsea, a Cobham filin atisayen kulob ɗin ya girma, aka tura shi aro Vitesse a Holan, aka tura shi Derby wajen Lampard, da FIFA ta hana Chelsea sayen 'yan wasa a 2019 Lampard ya dawo a matsayin koci ya jawo su shi da Tammy Abraham da Tomori da Reece James. Ƙwallonsa ta farko ma 'yan Najeriya ba za su manta ba, a ƙafar Ndidi ya ƙwace ta a wasan Leicester ya jefa raga, daga baya Ndidin ya rama da ka aka tashi 1-1. Shi ya ci ta biyu a wasan Madrid a Stamford Bridge da ta kai mu wasan ƙarshe na Champions League a 2021, kuma ranar 29 ga Mayu a Porto shi ya zura wa Havertz dogon fas ɗin nan da ya tsaga bayan Man City aka ɗau kofi. Sau biyu a jere ana zaɓensa gwarzon kulob, 2021 da 2022. Kowa ya gama sa rai shi ne kyaftin na gaba, sabon Lampard. Sai ga shi a watan Yulin 2023 riƙe da jar rigar Man U, fam miliyan 55 da ƙarin 5 in an cika wasu sharuɗɗa, kuma ba ma wata lamba ba sai 7, ta Cantona da Beckham da Ronaldo. A wannan bazarar dai Havertz ya tafi Arsenal, wato mai fas da mai ci duk suka koma gidan abokan gaba, amma wallahi ba wanda ya damu da Havertz kamar Mount, shi ai sayo shi aka yi daga Leverkusen.

Muna ajiye rigar a kan kanta musu ya ɓarke, kuma a nan na gane rabin masu zama a shagon ba saye ya kawo su ba. Akwai wani benci a bakin ƙofa da ya zama majalisa. Wani matashi ɗan Chelsea ya leƙo ya ce, "Oga goge ɗan banza, butulu ne, mu muka raine shi." Ƙanena ya ji daɗi ya samu ɗan uwa. Sai wani dattijo-dattijo da ke zaune, shi ma ɗan Chelsea ne tun zamanin Babayaro in ji shi, ya ce "Kai yaro wa ya ci moriyar ganga ya yada kwaurenta, shi ko su?" Ya fara lissafo musu, Tomori an sayar wa Milan, Abraham Roma, Guehi Palace, Loftus-Cheek Milan, Hudson-Odoi Forest, Gallagher da ya ɗaura kambun kyaftin kusan kaka guda aka tura shi Atletico a 2024 yana so ba ya so. Ya ce duk waɗannan butulai ne? Matashin ya ce ai su ba Manchester suka je ba. Dattijon ya ce to da ka ce laifinsa inda ya je, ba tafiyar ba.

Ni ina wajen dattijon a rabin maganar. Abin da da yawa ba sa so su ji shi ne yaran gida su ne suka fi daɗin sayarwa a wajen masu lissafin kulob. A wancan lokacin in ka sayi ɗan wasa, kuɗinsa rarraba shi ake a littafi a kan duk shekarun kwantiraginsa, shi ya sa bayan Boehly da Clearlake sun sayi kulob a 2022 aka dinga ba su Enzo da Mudryk kwantiragin shekara takwas da wani abu. Amma yaron da ka raina ba ka saye shi ba, ranar da ka sayar da shi duk kuɗin riba ce tsantsa a rubuce nan take. Ga dokar Firimiya ta lokacin da ta ce kar asarar kulob ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku, wadda ta sa aka zaftare wa Everton da Forest maki. To kulob ɗin da ya kashe sama da fam miliyan 100 a kan Enzo kaɗai, ya zo ya ƙara kashe 115 a kan Caicedo, da me zai cike ramin? Mount saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, maganar sabuntawa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kakar ta lalace an ƙare na 12 an canza koci har an gaji, shi kansa ciwo ya dame shi. Ko dai a sayar ko ya tafi kyauta. Ba wanda ya yi kuka a ofis ranar.

Ɗaya rabin kuma ina tare da ƙanena, ba zan ɓoye ba. Duniya da faɗi, ga Italiya ga Jamus ga Sifaniya, me ya sa sai Old Trafford? Tomori ya tafi Milan ya ɗau Serie A ba wanda ya zage shi, har murna muka taya shi. Kuma mu nan ba a Landan muke ba da za ka kalli wasa ka koma gida ka rufe ƙofa, a gidan kallo ɗaya muke zama da 'yan Manchester, benci ɗaya, mai shayi ɗaya, maƙocinka ne abokin aikinka ne, tun lokacin rigimar Mikel ake wannan tsiyar, da ya ɗau hoto da rigar United a 2005 ƙarshe Chelsea ta biya su fam miliyan 12 ta biya Lyn, kulob ɗinsa na Norway, 4 ya zo ya yi shekara goma da ɗoriya a wajenmu. Shekara da shekaru muna yi musu gori da Mikel, sai ga shi sun samu abin ramawa. Ƙanena cewa ya yi ba tafiyar ce ta ƙona masa rai ba, wani abokinsa ne ɗan Man U da ya dinga ce masa "aro min rigarka mana tunda sunan ɗan wasanmu ne a jiki."

'Yan Manchester ɗin da ke bencin su ma ba wai murna suke ba fa, wannan ne abin dariyar. Ɗaya ya ce ku zo ku ɗauki kayanku, mun sayi majinyaci, ƙwallonsa ta farko sai a Maris 2024 a wasan Brentford. Ɗayan ya ce a'a ka manta biyun da ya ci Bilbao ya kai mu wasan ƙarshe na Europa? Aka ce masa to da kuka je me kuka ɗauko, Tottenham ta ba ku ɗaya ta ɗau kofi. Matashin ɗan Chelsea ya tuno musu 4-3 ɗin nan na Afrilun 2024 da Palmer ya ci biyu bayan minti ɗari, da ihun da aka yi wa Mount a Stamford Bridge ranar. Sai ɗan Man U ya ce to Palmer ɗin da kuke taƙama da shi ɗan gidan wa ne? Shiru. Ai ɗan makarantar Man City ne, shi ma tun yana ƙarami yake can, mu muka ɗauke shi kuma ba wanda ya kira shi butulu a cikinmu, rigarsa ce ma ta fi tafiya a shagon in ji maigidan.

Duk wannan ana yi yaron na aikinsa. Yadda suke gogewa shi ne a juya rigar ciki waje, a shafa wani sinadari mai warin tina a bayan kowane harafi, a ɗan ja yadin har robar ta saki, sannan a bi da ɗan ƙarfe mai tsini ana ɓarewa. Inda ya ƙi sai a ɗan gasa. M ɗin farko ya fita salin alin, O ya fita, da aka zo kan lamba 19 ne abin ya ƙi, gam ɗin ya riga ya shige cikin zaren saboda rigar ta sha wanki da rana, yaron ya ƙara sinadari ya ƙara zafi yana ta kankara har gumi na ɗiga daga haɓarsa kan teburin. Da aka gama aka ɗaga ta a haske, robar ta fita amma sunan na nan, inda baƙaƙen suka zauna shuɗin ya fi duhu don rana ba ta taɓa wajen ba, sauran jikin rigar ya koɗe, kamar allon da aka wanke tawada ba ta gama fita ba, daga nesa ma kana karanta MOUNT 19 raɗau. Ga ƙyallin gam a gefen lambar, ga wani waje kusa da 9 da yadin ya ɗan tattare saboda zafi. Warin kuma sai da aka wanke ta aka shanya sannan ya ragu.

Ƙorafina ba a kan yaron ba ne, ya yi iya yinsa. A kan maigidan ne, domin ya san haka za ta faru. Mutumin da ya gaya min gaskiya a kan kwafi da orijina, me ya hana shi ya kalli rigar da ta kwana biyu ya ce wannan ba za ta gogu ba? Sai da aka gama aka ga sakamako sannan ya ce, "Ai Yallaɓai tsohuwar riga dama sai haƙuri, sabuwa ce take fita tas." To wa zai kawo sabuwar riga a goge? Duk wanda ya zo gogewa ai tsohuwa zai kawo, wadda ya so ya sa ya wanke har mai sunan ya ɓata masa rai. Kuma kuɗin gogewar ya kusa rabin kuɗin sabuwar riga, kuma tun kafin a fara ake karɓa. Na ce ya rage wani abu ya ce sinadari ya riga ya tafi.

Mafitar da ya kawo ita ce a buga wani suna mai tsawo a kai ya rufe, a kuma sa lamba mai faɗi, wato ka sake biya. Ya ce wasu barin 19 ɗin suke su canza suna kawai, wai lokacin da Sancho ya zo aro daga United a 2024 ya ɗau 19 mutane da dama sun cire MOUNT sun sa SANCHO, kaka ɗaya shi ma ya koma, suka dawo a sake cirewa. Yana ba da labarin yana ƙyalƙyala dariya, ni kuwa ina lissafin sau nawa aka biya shi a kan riga ɗaya. Ƙanena ya tsaya yana juya rigar a hannu ya rasa ta cewa, can ya ce wai da ma 19 ɗin aka bari, ai da ita aka ba da fas ɗin Porto. Shi fa da ya matsa sai an zo an goge. Ƙarshe bai yarda an buga komai ba, ya ninke ta ya sa a leda, yanzu da ita yake zuwa buga ƙwallon yamma a filin unguwa, kuma abokin nan nasa bai fasa tsokanarsa ba tunda har yanzu ana karanta sunan.

Tawa shawarar ga mai irin wannan rigar, ko ta Mount ce ko ta Rashford ko ta Trent don na ga 'yan Liverpool ma sun fara kawo tasu tunda ya tafi Madrid, in ta sha wanki ka bar ta yadda take, ko ka sa ta a gida ko ka adana, kuɗin gogewar ka cika ka sayi sabuwa a shagon, nan ne suka iya. In kuma ka dage sai an goge, ka sa a fara gwadawa da harafi ɗaya na gefe ka ɗaga a rana ka gani kafin ka biya, kuma ku yi magana a kan wa zai ɗau asara in yadin ya ƙone, don ba sa ba da rasit kuma ba a rubuta komai ba.

Sauran ƙananan abubuwa: in aka ɗauke wuta sai an tara aiki kamar uku ko huɗu suke tada janareta saboda injin matsin na shan mai, don haka kana iya zama jira. Ranar Asabar da yamma kar ka je, cika yake da masu son a buga musu kafin wasa, ga majalisar benci ta toshe ƙofa. Suna karɓar tiransifa amma sai alat ya shigo za ka fita da kaya, in netwok ya ƙi ka zauna, gara ka riƙe tsabar kuɗi. Wajen ajiye mota babu, mashin dai za ka samu inda za ka jingine. Riga da buga suna na ba su huɗu cikin biyar, gogewa ɗaya, ita ma ɗayar don gumin yaron ne.